Kulu Mai Gansakuka, Shekara Arba'in da Rashinta

Da kakar bana matata Kulu ta cika shekara arba'in a ƙasa. Na lissafa da yawan girbin da aka yi bayanta, na sake lissafawa da shekarun autarmu wadda ta bari tana tatata, lissafin bai sauya ba. Mutanen zamaninmu ba su saba yabon matansu a gaban jama'a ba, ko sunan uwargida ma ba kowa ke kamawa ba. Amma yanzu na haura tamanin, waɗanda zan ji wa kunya duk sun riga ni tafiya. Shi ya sa na ce bari in ba masu karatun jaridar nan labarinta, domin har yau ban sake haɗuwa da wanda ya ba ni dariya da mamaki kamarta ba.

Sunana Nomau. An haife ni a wani ƙauye kusa da Nahuce, cikin ƙasar Bungudu. Na tashi ina korar jakuna, in ɗauki taba da auduga in kai Gusau, in zarce Tsafe in ɗauko tukwane. Lokacin Turawa ba su daɗe da zuwa ba. Babu mota, babu jirgin ƙasa, Gusau kuwa ba ta kai rabin rabin yadda take yau ba.

A gindin duwatsun Tsafe akwai wata maɓuɓɓuga inda muke shayar da jakuna. Wata rana da hantsi na tarar da wata budurwa ta ajiye tulunta gefe, ta durƙusa, goshinta ya kusa taɓa dutse. Na ɗauka ɗan kunnenta ne ya faɗi.

Na ce, "'Yan mata, mi ya ɓace miki in taya ki nema?"

Ba ta ko ɗago ba ta ce, "Ba abin da ya ɓace. Kallo nike."

"Kallon mi?"

"Gansakuka."

Na yi dariya. A wajenmu gansakuka ita ce koren abin nan da ke saman tafki, ko wanda ke sa mutum ya zame a bakin gulbi. Ba wanda ke kallonta sai dai ya kauda ita ya ɗebi ruwa. Budurwar ta ce ta tafki daban, ta dutse daban, sunan ne kawai mutane suka haɗa musu don ƙyuya. Ta matsa ta ba ni wuri, ta ce in duba in gaya mata iri nawa na gani a jikin dutsen nan. Na duba na ce guda, kore. Ta dube ni da tausayi, irin kallon da ake yi wa mai ciwon ido.

Da tsinken ciyawa ta nuna mini su. Ga wadda ta kwanta luf kamar karan-miski. Ga wadda in ka matso sosai sai ka ga ƙananan taurari ne jere da juna. Ga wata mai fitar da 'yan sanduna da ba su kai allura kauri ba, kowace da 'yar hularta a ka. Ga wata can cikin inuwa, shimfiɗe kamar an yanko hanta an manna. Ni dai gaskiya ba gansakukar nake kallo ba. Amma daga ranar nan jakunana suka koyi jin ƙishirwa duk sa'ad da muka doso Tsafe.

Sunanta Kulu. Babanta maharbi ne, innarta kuwa mai ginin tukwane. Tun tana ƙarama take bin baban nata cikin duwatsu, shi yana duban sawun nama, ita tana duban abin da ya tsiro a tsagin dutse. Masu nemanta suna kai goro da turare. Ni kuwa sai na hau dutsen Kwatarkwashi na ɓanɓaro wani ɓawon itace mai koriyar gansakuka, na naɗe shi a jiƙaƙƙen tsumma na kai mata. Da babanta ya tambaye ta wa take so, aka ce ta amsa da cewa, "Mai jakunan nan. Shi kaɗai ya tambaye ni mi nike kallo." Haka na auro ta.

Ba mu daɗe da aure ba aka yi shekarar da ruwa ya ɗauke, aka shiga yunwar nan da tsofaffi ba sa son tunawa. Ba zan tsaya kanta ba. Mun fita da ranmu, amma gonakin gado sun gaji. Babanmu ya riga ya rasu, yayana Maiwada shi ne babba a gida. Mutum ne mai faɗa, amma zuciyarsa ɗaya ce. Ya nemo izini muka sari daji a gefen wasu duwatsu, muka kafa tunga, gidaje kaɗan suka biyo mu. Muka taho da innarmu, wadda ta tsufa ƙwarai. Ƙasar wurin baƙa ce, dawa ta yi kai kamar ba a taɓa yunwa ba. Abu guda ya hana mu jin daɗi, babu ruwan sha. Da zarar damina ta wuce, mata sai su yi sammako su tafi gulbi su toni yashi, ba su dawo ba sai rana ta take. Kulu tana cikinsu, da goyon ɗiyarmu ta fari a baya.

Muka kira wani maginin rijiya daga Bungudu. Ya zagaya wurin, ya ce ƙasar dutse ce, shi ba zai nuna wuri ba, amma in mun nuna zai haƙa. Ran nan Kulu ta ce mini, "Maigida, na ga irin gansakukar maɓuɓɓugarmu ta Tsafe a bayan babban dutse. Wagga ba ta zama inda ba ruwa." Na kai maganar ga Yaya Maiwada, ban kuma ɓoye masa daga bakin wa ta fito ba. Ya yi ta gunaguni, amma da yake ya san ɗiyar maharbi ce, ya yarda.

Bayan girbi muka shiga haƙa, mazan tunga duka. Muka yi ta yi har tafin hannunmu ya saɓule. Ƙasa ta fito ja, ta koma fara, daga nan sai diga ta fara tsalle tana fitar da wuta. Mun kai ga dutse, ko danshi babu. Maginin rijiya ya karkaɗe rigarsa ya koma gida.

Abin ya yi mana ciwo. Yara suka fara kirana mijin gansakuka. Masu gida biyu suka ce su kam za su koma Gusau. Yaya ya tara mu ya ce in ruwan shuka ya sauka ba mu da rijiya, kowa ya kama gabansa, shi ba zai bari mata su ƙare a hanyar gulbi ba. Innarmu kuwa ta ce ita ta gama ƙaura, ko kowa ya watse a nan za a bar ta. Wato gidan babanmu zai tarwatse ke nan, kuma kowa ya san bakin da ya jawo.

Na zaci Kulu za ta yi kuka ko ta yi musu. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta dai rage cin abinci. Da na lallashe ta sai ta ce, "Ba zagin ke damuna ba. Ni ban yi ƙarya ba, ita ma gansakukar ba ta san ƙarya ba. Akwai abin da ban gane ba. Ka kai ni Tsafe."

A yau in ana son ruwa sai a kawo mota mai ƙarfe, ta huda ƙasa kamar ana huda ƙwarya, ba ruwanta da dutse. Nakan tsaya in kalle ta in ce da Kulu na nan da ta yi murna saboda mata, amma na san da sai ta tsare direban da tambaya, wa ya gaya masa a nan ruwan yake. A zamaninmu ba mu da abin da ya wuce ido da haƙuri.

Na ɗora ta kan jaki muka tafi Tsafe, da sunan ganin gida. Ta ɓanɓaro gansakukar maɓuɓɓugar da 'yar ƙasarta, ta sa a ƙwarya ta rufe da jiƙaƙƙen zane. Duk hanya ruwan goranmu gansakukar ta sha shi fiye da mu. Da muka dawo ta je bakin rijiyar da ta ƙi, ta ɓanɓaro ta can. Ta samo katangar fasasshiyar randa guda biyu, ta shimfiɗa kowace a nata, ta ajiye su a inuwa bayan ɗaki, tana yayyafa musu ruwa safe da yamma har duka suka yi kore shar.

Sai ta kira ni da innarmu, ta ce mu juya baya, ta musanya musu wuri, ta ce mu nuna ta Tsafe. Muka duba, muka shafa, Inna har ta sansana. Babu bambanci. Ita kanta Kulu sai da ta ɗaga katangar ta duba zanen gawayin da ta yi a ƙasa kafin ta gane. Ta ce, "To kun ga abin da ya ruɗe ni."

Daga nan ta hana su ruwa. Lokacin zafi ya fara, ba a daɗe ba duka biyun suka ƙanƙance, suka yi baƙi kamar garin taba. Na ce mata ai sun mutu, ta zubar. Ta ce in bari. Muka bar su har na manta da su. Wata rana da la'asar na ɗauki buta zan yi alwala, ta ce in tsiyaya mata kaɗan a hannu. Ta yayyafa wa katangun biyu. Ban gama wanke ƙafa ba na ji ta rangaɗa guɗa, a gaban surukarta, abin da ba ta taɓa yi ba. Na zo da gudu. Gansakukar tungarmu ta buɗe, ta koma kore kamar ba abin da ya taɓa samunta. Ta Tsafe kuwa tana nan yadda take, busasshiya. Aka ƙara mata ruwa, aka jira har gobe, ba ta motsa ba.

Na ce, "To minene abin guɗa, taki ta gida ta mutu?"

Ta ce, "Mutuwar tata ita ce labarin. Ta nan barci take yi in ba ruwa, ko raɓa ta ishe ta tashi. Tana iya zama kan busasshen dutse shekara da shekaru, don haka ganinta bai nuna komi. Ta Tsafe kuwa ba ta iya barci. In ta rasa ruwa ta tafi ke nan. Duk inda ka gan ta da rai a tsakiyar bazara, akwai ruwan da ke tsatso mata daga ƙasa. Ni a lokacin kaka na ga ta nan, tana kore, na ɗauka 'yar'uwarta ce."

A nan ta raɗa musu suna, ta kira ɗaya mai barci, ɗayar kuma mai ƙishi.

Saura neman mai ƙishi a cikin duwatsunmu. Muka riƙa barin yarinya wajen Inna, mu fita da tsakar rana, lokacin da raɓa ta bushe, don duk abin da muka gani kore a lokacin ba raɓa ce ta tashe shi ba. Mun sha rana. Mun leƙa tsagin da ko ƙadangare bai shiga. Wanda ya taimake mu shi ne Buba, wani Bafillace da ya yi ruga kusa da mu, matarsa na kawo wa Kulu nono tana karɓar hatsi. Da ya ji abin da muke nema ya ce shi bai san gansakuka ba, amma akwai wani lungu bayan saiwar wani ɓaure inda awakinsa ke zuwa suna lasar dutse, ya daɗe yana mamakin abin da suke ji a wurin.

Muka je. Sai da Kulu ta kwanta rub da ciki kafin ta hango ta. Ba ta wuce faɗin tafin hannu ba, kore, mai sanyi, a cikin zafin da ke ƙona ƙafa. Na ce mu ruga mu gaya wa Yaya. Ta ce a'a, ta yi gaggawa sau ɗaya, ya isa. Ta tsinko kaɗan ta kai gida ta busar, ta jira, ta yayyafa ruwa. Ba ta tashi ba. Ban taɓa ganin wanda ya yi farin ciki da mutuwar shukarsa kamar Kulu a ranar nan ba.

Yaya Maiwada ya ƙi yarda a sake haƙa. Ya ce, "Nomau, sau ɗaya aka ja ni da maganar ciyawa, ba a sake ba." Ban ga laifinsa ba. Ni da Buba muka ɗauki diga muka fara, mu biyu, 'yan taku kaɗan ƙasa da ɓauren. Labari ya kai ga maginin rijiyar nan, ya zo don ya ga hauka. Ya sa hannu cikin tsagin, ya daɗe bai fitar ba. Sai ya tuɓe riga ya karɓi digar daga hannuna.

Shi kuwa Yaya kullum sai ya ɓullo ta wajen, wai ragonsa ne ya ɓace yana nema. Ya leƙa ramin, ya yi tsaki, ya wuce. Ragon nan kowa ya san yana ɗaure a turkensa. Ba mu kai zurfin rijiyar farko ba ƙasa ta fara sanyi, ta fara manne wa diga. Ranar da guga ya fito da laka, na ɗaga kai daga cikin rami don in ga mai ja, sai na ga Yaya ne, ba riga, gumi na zuba. Ba wanda ya ga lokacin da ya tuɓe.

Da ruwa ya taru, shi ya ɗebi ƙwaryar farko. Ya jira ruwan ya kwanta, ya ɗauka da hannu biyu ya nufi inda mata suka taru. Ya durƙusa a gaban Kulu, shi da yake wan mijinta, ya ce, "Ƙanwata, ke za ki fara sha."

Kulu ta ja mayafi ta rufe fuska ta ce, "Yaya, a ba Inna."

Inna ta kurɓa, ta juya shi a baki, ta ce yana ɗanɗanon dutse amma ya fi na gulbi. Da yamma aka yanka ragon da ya yi ta ɓacewa. Masu gida biyun nan suka kwance kayansu. Buba ya kawo nono ƙwarya ƙwarya, aka yi kiɗa har mata tsofaffi suka taka. Ruwan shuka ya same mu tare.

Kada mai karatu ya ɗauka daga nan Kulu ta huta. Ruwa ne ya dame mu, ita kuwa ba shi kaɗai ya dame ta ba. Bayan ɗakinta ya cika da katangu, jere a gindin danga. Abokan fataucina suka san halinta, wannan ya kawo mata ta Ruwan Bore, wancan ta Kwatarkwashi, wani ma ya ɗauko mata ta jikin tsohuwar ganuwa. Tana cikin daka sai ta ajiye taɓarya ta je ta duba su. Tuwo ya sha ƙonewa a gidana, ban kuma taɓa iya yin fushi ba, don kafin in buɗe baki ta jawo ni ta nuna mini wata da ta fitar da hula yau.

Ta lura cewa in hular ta fashe wani gari ke fita, kuma inda garin ya sauka sabuwa ke tsirowa. Ta riƙa karkaɗa shi a kan sabuwar katanga. Abin da ya fi ɗaure mata kai shi ne, ɗiyan mai barci barci suke yi, ɗiyan mai ƙishi kuma mutuwa suke yi, ko da an raine su a wuri guda da ruwa guda. Takan ce, "Ba wurin zama ne ya sa su haka ba. Gado ne. Akwai abin da Allah ya ajiye cikinsu wanda idona bai kai ba." Takan ɗiga ruwa a kan ganyen, ta leƙa ta cikin ɗigon, don ta gano yana ƙara wa abu girma. Wata rana a kasuwar Gusau na ga ɓarin tabarau, ido guda, a tabarmar wani ɗan koli. Na kawo mata tare da sabon zane. Zanen ya kwana biyu a naɗe ba ta warware shi ba. Gilashin kuwa ta ɗinka masa 'yar jaka ta rataya a wuya kamar laya.

Abin da ya sa na fi jin rashinta a bana shi ne jikanmu Lawali, ɗan waccan ɗiyar da take goye da ita a hanyar gulbi. Ya yi karatun tsirrai a jami'a, yanzu yana koyarwa a wata makarantar sakandare a Gusau. Bai san kakarsa ba, amma ya sha jin labarinta a bakina har ya gaji. Da daminar da ta wuce ya zo ya ɗebi mai barci da mai ƙishi, masu hula, ya tafi da su. Bayan wani lokaci ya aiko a kai ni makarantarsu.

Ya zaunar da ni gaban wani madubi mai kama da bututu, ya ce in rufe ido ɗaya in leƙa. Na leƙa na ce ina ganin wani daji baƙi yana kaɗawa. Ya ce, "Tsoho, gashin idonka ne wannan. Matso." Na matso. Can sai na ga wani ɗan zagaye, a cikinsa ga wasu 'yan gutsattsari ja, kamar an tsinka zare an watsa. Ya ce ya murƙushe hular ne ya sa mata rini. Jikin kowane mai rai, in ji shi, da ƙananan ɗakuna aka gina shi, kuma a cikin kowane ɗaki akwai irin zarurrukan nan, masana na kiransu kuromosom. Su ke ɗauke da gado daga uwa zuwa ɗa. Ya sauya gilashin ya ce in sake leƙawa. Wannan karon zarurrukan sun fi yawa, sun cunkushe. Ya ce ta farko mai ƙishi ce, ta biyu mai barci, kuma nata sun kusa ninka na 'yar'uwarta. A cikin gansakuka, in ji shi, hakan na faruwa, zarurrukan su ninku, a sami sabon iri wanda a ido bai bambanta da na farko ba.

Na ce, "Wato shi ya sa take barci."

Ya ce, "Ban ce ba, Kaka. Na dai ga sun bambanta a ciki. Ko shi ne dalilin, sai an ƙara dubawa."

Na yi dariya har tari ya kama ni, don ba wanda ya koya masa wannan taka-tsantsan, amma na san inda ya samo shi. Da Kulu ce aka zaunar a kujerar nan, da sai an kira mai gadi ya fitar da ita. Da ta sa Lawali ya murƙushe mata duk abin da ke bayan ɗakinta, ɗaya bayan ɗaya. Na ga 'yan mata a wata makaranta kusa da tasu suna tafe da littattafai a hannu, na ce a raina da a yau aka haife ta da ban same ta ba, da tana can gaba tana koyar da masu koyarwa. Abin da na san zai ɓata mata rai shi ne yadda ake fasa duwatsu ana kwasar tsakuwa don aikin hanya. Wani lungun da ta fi so yanzu rami ne. Ba za ta ce kada a yi hanya ba, amma da ta roƙi a ba ta yini guda ta kwashe abin da ke jikin dutsen tukun.

Shekarar da jirgin ƙasa ya fara shigowa Gusau na kai ta ta gani. Jama'a sun cika tasha, ana ta salati da jin kukansa. Na waiwaya in ga yadda ta ji, ban gan ta ba. Na same ta a gindin tankin da jirgin ke shan ruwa, durƙushe, da gilashinta a ido, tana duban wani ɗan kore da ya fara fitowa inda ruwa ke ɗiga. Ta ce, "Maigida, wagga baƙuwa ce. Ban san ta ba." Da kakar shekarar nan zazzaɓi ya kama ta, bai kuma ja ta da nisa ba. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.

Katangunta ban iya riƙe su ba, na yi ƙoƙari amma hannuna ba nata ba ne. Gilashin ya ɓace a wata ƙaura ta ɗaki. Yaya Maiwada da Buba da duk waɗanda suka ga ranar nan sun tafi. Tungar ta zama gari, yawancin masu shan ruwanta ba su taɓa jin sunan Kulu ba. Na daɗe ina ganin abin da ya rage nata bai wuce ni da 'ya'yanta ba.

Kwanan baya, da zafi, na bi wani ɗan'uwa zuwa wata ruga can gaba da Ruwan Bore, inda ban taɓa zuwa ba. Na zauna hutawa a gindin wani dutse, na ga busasshiyar gansakuka a jikinsa, na sa yatsa ina shafawa. Wata mata mai tallan nono ta tsaya ta gaishe ni. Ta ga abin da nake yi ta ce, "Baba, in ruwa kake nema kada ka bi ta wagga. Mai barci ce. Mai ƙishi ake nema."

Na ce, "Ɗiyata, wa ya gaya miki sunansu?"

Ta ce, "Haka munka tashi munka ji. Maganar mutanen da ce."

Na ce ta sauke ƙwaryarta ta zauna. Na ba ta labarin tun daga maɓuɓɓugar Tsafe har zuwa ragon Yaya. Ta yi ta dariya, ta dama mini fura ta ƙi karɓar komai. Da za ta tashi ta tambaye ni sunan matar. Na gaya mata. Ta ɗora ƙwarya a ka, ta ce, "Allah ya jiƙan Inna Kulu. Zan gaya wa yarana." Na ce amin, na bi ta da kallo har ta sha kwanar dutsen.